Motar aro a garejin dillali: kuɗin ajiya, kuɗin kullum, da kuɗin da ba a faɗa maka

Tambaya: "Motata wata takwas da saye, tana cikin garanti. Giyabos ya fara ƙara, na mayar wa dillalin da ya sayar min. Sun ce kayan gyaran sai an yi oda, zai kai mako biyu. Sun yarda su ba ni motar aro, amma sai sun riƙe kuɗin ajiya a katina, kuma akwai wani kuɗi da zan riƙa biya kullum wai na inshora. Ni ban lalata motar ba, lahanin daga masu ƙera ta ne. Haka ake yi, ko cutata za a yi?"

Ɗan'uwa, sannu da wannan ɗawainiya. Mota 'yar wata takwas ta kwanta a gareji abu ne mai ɓata rai, kuma ba laifi ba ne ka ji zafin a ce kuma ka ƙara biyan wani abu. Na yi shekaru a sashen gyara na kamfanin dillancin motoci, ina karɓar motocin gyara ina miƙa makullan na aro, don haka zan gaya maka yadda abin yake ta bayan teburin.

Kuɗin ajiyar da suka nema ba cuta ba ne, a wurare da yawa haka ake yi. Kuɗin kullum kuwa, a irin matsalarka, kana da hujja mai ƙarfi ta neman a yafe maka shi, kuma sau da yawa ana yafewa idan mutum ya san wanda zai yi wa magana. Amma akwai kuɗi na uku da ba ka ambata ba, wataƙila ma ba a nuna maka shi ba, alhali shi na ga ya fi sa mutane kuka: abin da za ka biya daga aljihunka idan wani abu ya sami motar tasu tana hannunka. Can ya kamata hankalinka ya fi karkata.

Mu fara da ajiyar. A yawancin wurare ba cire kuɗin ake yi ba, riƙe shi ake yi. Za su sa katinka a na'ura, bankinka ya ware adadin ya hana ka taɓa shi, amma bai shiga asusun dillali ba. Ka dawo da mota lafiya, su aika wa banki saƙon a sake shi. Idan akwai abin da suke bin ka, su cire daga ciki. Sakin yakan ɗauki kwanaki, kuma jinkirin galibi daga banki yake. Sai dai idan ma'aikaci ya manta bai aika saƙon ba, abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato, riƙon zai zauna har wa'adinsa ya ƙare da kansa, kuma a ƙa'idojin Visa da Mastercard irin wannan riƙo yana iya kaiwa kwana 30. Saboda haka ranar da ka mayar da mota kada ka bar wurin sai an soke riƙon a gabanka, an ba ka 'yar takardar da na'ura ta fitar. Ita za ka nuna wa banki idan aka ja lokaci.

Irin katin da ka miƙa ma yana da muhimmanci. Idan katin bashi ne, riƙon zai ci ne daga iyakar da banki ya ba ka, kuɗinka na nan yadda suke. Idan kuwa katin da ke haɗe da asusunka ne, kuɗinka na gaske za a ɗaure tsawon gyaran da 'yan kwanaki bayansa, kuma wani biyan da ke fita da kansa a ƙarshen wata yana iya tarar da asusun a bushe. Wasu dillalan ma cirewa suke yi gaba ɗaya su mayar daga baya. Tambaye su kai tsaye, riƙewa za ku yi ko cirewa? Idan tsabar kuɗi za ka ba da, rasit ɗin ya faɗi cewa ajiya ce da za a mayar, ya kuma faɗi abubuwan da za a iya cirewa daga cikinta.

Ni a ganina ajiya adalci ce. Mota mai tsada suke damƙa wa mutum, galibi sabuwa, wadda za su sayar bayan 'yan watanni a matsayin wadda ba ta sha wuya ba. Kowane ƙwarzane da kowace kilomita suna rage mata farashi. Ban ga dalilin yin rigima a kan wannan ba, matuƙar adadin bai wuce hankali ba.

Kuɗin kullum shi ne inda kake da magana, kuma ya danganta da abin da ya kawo motar gareji. Wanda ya kawo tasa sabis, ko canjin birki, ko wani abin da ya ƙare saboda amfani, motar aro alfarma ce ake yi masa. Dillali yana da damar ya ba shi kyauta, ya caje shi, ko ya ce babu. Kai naka daban ne, tunda sun karɓi motar a ƙarƙashin garanti, wato sun riga sun amince lahanin ba daga gare ka yake ba.

Duk da haka kada ka shiga ofishinsu da cewa garanti ya tilasta musu ba ka mota, sai ka duba littafin garantin ka ga an rubuta haka. Yawancin garanti alƙawarin kayan gyara da kuɗin aiki kawai yake yi, har yakan fito fili ya ce ba ya biyan asarar zaman da ka yi babu mota. Ko dokar garanti ta Amurka ta 1975, wadda ake kira Magnuson-Moss, ba ta ce dole a ba da motar aro ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanonin ƙera motoci da dama suna da tsari tsakaninsu da dillalansu: idan gyaran garanti ya sa mota ta kwana a gareji, ko kayan gyara ba su samu ba, kamfanin yakan biya dillali wani adadi kowace rana don ya ba mai motar abin hawa. Amma sai dillalin ya nema, ya cike takarda, wani lokaci ya jira amincewa. Ma'aikacin da aiki ya yi wa yawa ya fi samun sauƙin miƙa maka takardar cajin da ake ba kowa. Lokacin da aka yi kiranyen miliyoyin motoci saboda lahani a jakar iska (wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi hatsari) ta kamfanin Takata, wanda ya durƙushe a 2017, kayan canji sun yi ƙaranci har mutane suka yi ta jira, kuma kamfanoni irin su Honda sun riƙa ba masu motocin na aro ko na haya ba tare da caji ba. Ba sabon abu kake roƙo ba.

Bayan garanti kuma akwai dokar ciniki, wadda ke kan wanda ya sayar maka. A Birtaniya dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ce idan an sayar da kaya mai lahani, mai sayarwa ya gyara cikin lokacin da ya dace, ba tare da takura wa mai saye sosai ba, kuma shi zai ɗauki kuɗin da gyaran ya ci. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 kan sayar da kaya ita ma haka ta ce. Babu inda suka ambaci motar aro da suna, amma mako biyu babu abin hawa takura ce, kuma a kan wannan ake kafa hujja. Duba abin da dokar ƙasar da ka sayi motar ta tanada kafin ka je.

Yadda za ka nema: kada ka yi ta ja da wanda ke teburin karɓa, ba shi da ikon yafewa. Nemi manajan sashen gyara, ka yi masa magana cikin natsuwa, ka tambaye shi ko ya nemi kamfanin da ya ƙera motar ya ɗauki nauyin motar aron. Idan ya yi ta kwana-kwana, kira layin kula da masu saye na kamfanin da kanka, su buɗe maka ƙorafi su ba ka lambarsa. Wannan lambar tana sa abubuwa su motsa.

Amma kafin ka ce a cire kuɗin kullum, tambayi mene ne shi, domin abubuwa daban-daban ake kira da wannan suna. Wani kuɗin haya ne tsagwaronsa. Wani kuɗin shigar da sunanka ne cikin inshorar kamfanin. Wani kuwa kuɗin da ke rage maka abin da za ka biya ne idan an yi ɓarna. Idan na ƙarshen nan ne, yi hattara, kada garin gudun ƙaramin kuɗi ka jawo wa kanka babba.

Ga yadda abin yake. Galibi inshorar mota tana da kason farko na asara da ba ta biya, wanda ke kan mai motar ko direba. A inshorar da dillali ya yi wa motocinsa na aro wannan kason yakan yi yawa, sau da dama ya ninka na inshorar motarka, saboda mutane iri-iri ne ke tuƙa su. Takardar da za ka sa wa hannu tana ɗauke wannan kason daga kansu ta ɗora a kanka. Kuma ba sai kai ne mai laifi ba. Ka ajiye mota a bakin hanya, wani ya goge ta ya gudu, kai za ka biya. Ko an san wanda ya buge ka, a wurare da yawa kai za ka fara biya, sai inshorarsa ta amsa laifi a mayar maka, abin da ke iya ɗaukar watanni. Kason kuma na kowane hatsari ne daban: ƙwarzane a ƙofa ranar Litinin da fashewar fitila ranar Alhamis, caji biyu ke nan.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauka mafi munin abin da zai same shi shi ne ya rasa ajiyarsa. Ba haka ba ne. Ajiya ba ita ce iyakar abin da za a bi ka ba, sai in an rubuta haka. Yawancin takardun aro suna ɗauke da layin da ke ba su izinin ƙara cirewa daga katin da ka bari. Wasu har suna ƙara kuɗin kwanakin da motar za ta yi a wurin gyara ba a ba wani ita ba, da kuɗin faɗuwar darajarta. Don haka ka sa yatsa a kan takardar ka ce su nuna maka adadi mafi yawa da za ka iya biya idan an yi hatsari, da kuma idan an sace motar. Idan ma'aikacin ya ce "kada ka damu, akwai inshora," ba amsa ya ba ka ba. Lamba kake nema, a rubuce.

Wasu dillalan ba sa saka ka a inshorarsu sam, sai su ce ka zo da taka. A Amurka wannan ya zama ruwan dare, domin inshorar mutum takan bi shi zuwa motar da ta maye gurbin tasa na ɗan lokaci. A wasu ƙasashe kuma sai ka kira kamfanin inshorarka sun ƙara motar aron na 'yan kwanaki, wani lokaci da ɗan caji. Ko wanne ne, kira su kafin ka karɓi makulli, ka ba su lambar motar, ka tambaya ko za su biya ɓarnar da ta sami motar aron ita kanta, ko ta mutanen da ka buga kawai. Mutane da yawa suna dogara da sharaɗin da ke cikin inshorarsu na cewa za su iya tuƙa motar wani, ba su san cewa galibi wannan sharaɗin ɓarnar da ka yi wa wasu kawai yake biya ba, motar da kake ciki babu ruwansa da ita. Haka kariyar da wasu katunan bashi ke bayarwa ga motar haya: yawanci sai ka biya kuɗin hayar da katin take aiki, motar da aka ba ka aro kyauta ba ta shiga.

Ko da inshora mai kyau, akwai abubuwan da ake yawan cirewa: taya da rim, gilashi, ƙarƙashin mota, ɓatan makulli, ƙonewar kujera ko yagewarta, ƙona kuloci, da zuba man da ba nata ba. Wannan na ƙarshe yana kama mutanen kirki, wanda ya saba da fetur aka ba shi mai shan dizal, hannunsa ya tafi inda ya saba. In hakan ta faru kada ka tayar da injin, kira su nan take, domin kafin a tayar zuƙe tanki kawai ake yi, bayan an tayar kuwa gyara ne mai tsada.

Abin da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne ba wani makulli. Matarka, ƙaninka, abokinka da zai je ya dawo yanzu-yanzu, duk wanda sunansa ba ya cikin takardar, inshora ba ta san da shi ba. Idan ya yi hatsari ba maganar kason farko ake yi ba, kuɗin motar gaba ɗaya ake iya bin ka, ga kuma laifin tuƙi babu inshora a kansa. Idan ka san wani a gida zai tuƙa, ku je tare da lasinsa a rubuta sunansa. Haka ɗaukar fasinja da kuɗi ko kai saƙo da ita, irin aikin Uber, da tsallaka iyakar ƙasa ba izini, duk suna soke kariyar. Akwai kuma sharaɗin shekaru, wurare da yawa ba sa ba wanda bai kai 21 ba, wasu sai 25, kuma za su duba tarihin lasinka. A Birtaniya, tun 2015, lambar da za su duba tarihin da ita ake cirowa daga hukumar lasin ta intanet, tana aiki kwana 21.

To ga shawarata a kan kuɗin kullum idan na rage kason asara ne. Ninka shi da kwana 14, ka ajiye kusa da adadin da za ka biya in babu shi. Galibi za ka ga tazarar tana da faɗi, kuma motar da ba ka saba da girmanta da birkinta ba ta fi taka saurin samun ƙwarzane. Abin da za ka ce wa manaja shi ne a bar maka kariyar a yafe kuɗin, su nema a wurin kamfanin da ya ƙera motar. Idan ka ce kawai "ba zan biya ba," suna iya cire kuɗin su cire kariyar tare, ka fita kana murna alhali nauyi ya ƙaru a kanka. Idan sun ƙi yafewa, ni da zan biya, in karɓi rasit, in rubuta a jikinsa cewa ban amince ba kuma zan nemi a mayar min, sannan in bi ta hanyar ƙorafi.

Ranar karɓa, tun ran gini ran zane. Kada ka yarda a miƙo maka makulli a ofis a ce motar tana waje. Ku zagaya ta tare da ma'aikaci, da haske, motar a bushe, domin ruwa da ƙura suna ɓoye ƙwarzane. Ɗauki bidiyo da wayarka ba yankewa, tun daga lambar mota, ka durƙusa ka ɗauki kusurwoyin bamba da bakin kowane rim, nan ne ake yawan rigima. Ɗauki gilashin gaba, rufin, kujeru, allon da ke nuna kilomita da yawan mai, ka buɗe but ka ga safaya da jak suna nan ko babu. Duk tabon da ka gani a zana shi a takarda, ma'aikacin ya sa hannu, ka tafi da kwafinka. Bidiyo yana taimakawa, amma takardar da suka sa wa hannu ta fi shi ƙarfi.

Ƙananan cajin kuma ba su da wuyar kaucewa. Mayar da mai daidai inda ka same shi, don nasu farashin ya fi na gidan mai. Tambayi iyakar kilomita ta kowace rana da kuɗin abin da ya wuce. Kada a sha taba a ciki, kada a ɗauki dabba. Tarar gudu ko ta ajiye mota ba daidai ba tana zuwa wa dillali ne makonni bayan ka mayar, tunda sunansa ke kan rajista, shi kuma ya miƙa sunanka ya ƙara kuɗin ɗawainiyarsa.

Wajen mayarwa, yi ƙoƙari ka kai ta lokacin aiki a duba a gabanka, a rubuta cewa an karɓa lafiya. Wanda ya ajiye da dare ya jefa makulli a akwati, motar tana wuyansa har sai sun duba da safe. Kuma da zarar sun kira ka cewa taka ta gama, agogo ya fara: takardu da yawa suna ba da kamar kwana ɗaya, daga nan sai cajin haya na kullum ya hau, ko da a baya kyauta ce.

Wani abu kusa da wannan, saboda masu karatu da hatsari ne ya kai motarsu gareji. Idan wani ya buge ka, sai wani kamfani ya kira ka ya ce zai kawo maka mota "ba za ka biya ko sisi ba," karanta takardar da kyau. Sau da yawa ba aro ba ce, haya ce a kan bashi da sunanka, mai tsada, da nufin a karɓo kuɗin daga inshorar wanda ya buge ka. Idan waccan inshorar ta ƙi biya ko ta ce kuɗin ya yi yawa, ana iya buƙatar ka tsaya a shari'a, kuma wani lokaci bashin ya dawo kanka.

Idan an cire maka kuɗin da ba ka yarda da shi ba, nemi hujja a rubuce: hoton ɓarnar mai ɗauke da kwanan wata, takardar duba motar ta lokacin fita da ta dawowa, da rasit ɗin gyaran da aka yi, ba ƙiyasi ba. Rubuta wa manaja, sannan kamfanin da ya ƙera motar. In ba a daidaita ba, bankinka yana da hanyar ƙalubalantar caji a kati, wadda wa'adinta galibi kwana 120 ne, don haka kada ka yi sanya. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ko mai sasanta rigingimun motoci, inda ake da su.

Sai maganar mako biyun da suka faɗa. Kayan giyabos da ake jira daga masana'anta suna iya wuce haka, kuma nan wasu matsaloli ke ɓullowa. Takardar aro tana da ranar ƙarewa, haka inshorar wucin gadi idan taka ce aka yi amfani da ita, kuma in ranar ta wuce ba a sabunta ba, kana iya tuƙi babu kariya ba ka sani ba. Riƙon kati ma idan ya kusa ƙarewa sukan sake sabo, wani lokaci kafin tsohon ya sauka, sai ka ga an ɗaure maka ninki biyu. Wasu kuma sukan kira su ce ka dawo da motar an yi wa wani alƙawarinta. Tun yanzu ka sa a rubuta cewa aron zai ci gaba har ranar da za a miƙa maka motarka a gyare, a kan sharuɗɗan da kuka fara da su, kuma duk ƙarin kwanaki a aiko maka da shi a rubuce kafin tsohuwar ranar ta cika.